Daga Turai zuwa Jiratawa: Yadda hutun matasa a Maraɗi ke ƙarewa a gaishe-gaishe

Da zarar makarantu sun rufe domin dogon hutu, tasoshin motocin safa na Maraɗi sukan fara sauke wasu irin baƙi. Iyalai ne masu manyan akwatuna, biye da su samari da ƴan mata ƴan shekara 13 zuwa 17, kowa riƙe da waya, suna kallon gari kamar horo aka kawo su.

Wasu daga Yamai suke, wasu daga Kano, Kwatano ko Abijan. Akwai kuma waɗanda suka taso tun daga Faransa, Beljiyam, Jamus da Amurka, har da ƙasashen arewacin Turai irin su Suwidin, inda ake rufe makarantu a watan Yuni a koma a watan Agusta.

Zuwan ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Bayan tikitin jirgi na mutum huɗu ko biyar da tsarabar dangi, akwai tafiyar sama da kilomita 600 daga Yamai a mota, wadda kan cinye wuni guda. Burin iyaye ɗaya ne: yaro ya san gida.

Sai dai yadda ake kashe kwanakin ba ya kai ga wannan buri. Makon farko na karɓar masu sannu da zuwa ne. Na biyu na ramuwar gaisuwa ne, da ta'aziyyar duk wanda ya rasu tun zuwan ƙarshe, da barkar duk wadda ta haihu. Na uku kuwa akwai bikin da dama aka ɗage shi don a jira su. Yaro na zaune a gefen tabarma, ana cewa ya girma, ana tambayar uwarsa a gabansa ko yana jin Hausa.

Idan ya koma aka tambaye shi yaya Maraɗi take, abin da zai iya faɗa bai wuce zafi da sauro da yawan gwaggonni ba.

Ba laifinsa ba ne. Yaron da ya tashi a ƙaramin gari na Turai ya saba ganin allo a jikin kowane tsohon gini yana ba da labarinsa, ga taswira kyauta a tashar jirgin ƙasa, ga gidan tarihi ko da garin bai kai unguwa ɗaya ta Maraɗi ba. A nan tarihin yana nan, amma a bakin mutane yake, babu allon da zai nuna masa. In babu wanda ya kama hannunsa ya fita da shi, zai iya wucewa ta ƙofar fadar Sarkin Katsina sau goma bai san ya wuce wani abu ba.

Alhali kuwa duk abin da za a nuna masa yana kusa. Jiratawa na kudu, Tsibiri na arewa maso yamma, kowanne bai kai tafiyar rabin awa daga tsakiyar birni ba.

A fara da Jiratawa

Mafi yawan masu son nuna wa baƙo Maraɗi sukan fara da fada ko kasuwa. Ga matashi, Jiratawa ta fi dacewa da zama farko, domin abin da ke can ba ya buƙatar dogon bayani. Ido ke gani, hannu ya taɓa, baki ya ɗanɗana.

Garin yana cikin gundumar Madarunfa, a bakin kwarin Gulbin Maraɗi. A farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa masa filin noman rani na sama da hekta 500, aka yanka shi ƙanana-ƙanana aka raba wa magidanta. Ba daga gulbin ake jawo ruwan ba, domin gulbin a damina kawai yake gudu. Rijiyoyin burtsatse aka haƙa, injinan lantarki na zuƙo ruwan zuwa magudanan siminti, daga nan kowa ya buɗe wa gonarsa idan layinsa ya zo. Manoman na cikin ƙungiyoyin haɗin gwiwa, kowa na biyan kasonsa na kuɗin wuta da gyara.

Wannan tsari kaɗai ya isa darasi. Yaron da ya saba buɗe famfo ruwa ya zubo zai ga inda ake jiran layin ruwa kamar yadda ake jiran albashi. Zai kuma ji yadda siyasa ke shiga gona: wutar da wannan yanki ya daɗe yana dogaro da ita daga Katsina ake jawo ta, kuma Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wanda ke son sanin abin da takunkumi ke nufi, manomin da shukarsa ke jiran inji ya fi mai sharhi a rediyo iya faɗa masa.

Gulbin ma kansa daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, ruwan da ke isowa kwarin ya ragu, kuma dattawan yankin na iya nuna inda ambaliya ke kaiwa a dā da inda take tsayawa yanzu.

Ana noma abubuwa da dama a filin, amma zogale ne ya fitar da sunan Jiratawa. Ba a barinsa ya zama bishiya. Ana shuka shi kusa da kusa, ana yanke shi tun yana gajere, ya sake tohowa a sake yanka. Mata ke zage ganyen, su dafa ko su shanya, a ɗura a buhuna a loda wa motoci zuwa Yamai da sauran birane.

A nan ne yawancin yaran Turai za su yi turus. Ganyen da ake sayarwa a shagunan kayan ƙarin lafiya na can, an niƙe shi an zuba a ƴar kwalba da tsada, shi ne wannan da ke shanye a tabarmar kakarsa kaji na tsallakawa. Kuma idan aka kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji, ko aka turara shi cikin dambu, ya fi na kwalbar daɗi nesa ba kusa ba.

Jiratawa ta kuma yi suna wajen ginin tukwane, musamman tulu da randa. Bokitin roba da firji sun rage musu kasuwa, amma duk gidan da wuta ke yawan ɗaukewa ya san darajar randa. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓun, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Ɗan sakandare ya karanta wannan a ajin kimiyya. A nan zai sha shi a moɗa. In aka roƙi mai ginin ya bar shi ya gwada, abin da zai fito daga hannunsa ba zai yi kama da tulu ba, za a yi dariya, kuma wannan hoton ne zai fi nuna wa abokansa.

Sai lissafin kuɗi, wanda ke rikita har manyan da suka daɗe a waje. A kasuwa da dala ake ƙirge, dala ɗaya kuma sefa biyar ce. Idan mai ƙosai ta ce ashirin, sefa 100 take nufi. Ɗari na nufin sefa 500, jika kuma sefa 1,000. A ba yaro jika ɗaya a tura shi shi kaɗai ya sayo abu uku ya kawo canji daidai. Ranar da ya iya wannan, ya fara zama ɗan gari.

Itatuwan da suka kai Suwidin

A hanyar zuwa da dawowa akwai abin da ɗan gida ba ya lura da shi saboda sabo: itatuwa a tsakiyar gonakin gero. Wanda ya zo a watan Yuli ko Agusta zai ga gawo tsaye ba ganye alhali komai ya yi kore. Haka halinsa yake. Yakan zubar da ganye a damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi lif ya ba dabbobi abinci.

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, yawancin gonakin jahar Maraɗi sun zama fili fetal. Wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi da ƙungiyar SIM, ya lura a 1983 cewa ƙananan tsirran da manoma ke sharewa duk shekara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon dasa sabbi da ke mutuwa, sai a zaɓi reshe mai ƙarfi a bar shi, a datse sauran. Manoma suka sa wa dabarar suna sassaben zamani.

Masu bincike da suka kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, wadda ake bayarwa a Suwidin, a shekarar da aka ba Yakuba Sawadogo na Burkina Faso. Lambar ta tafi hannun mutum ɗaya, amma addar da ta yi aikin ta manoman karkara ce, kuma ba mamaki kawun yaron na cikinsu. Ɗalibin da ake koya wa sauyin yanayi a Turai ya kamata ya san cewa ɗaya daga cikin misalan da ake bayarwa a duniya gonar danginsa ce.

Garin da ya hau tudu

Maraɗi ta yau ba a nan aka fara kafa ta ba. Tsohon garin yana cikin kwari, kusa da gulbi. A 1945 ambaliya ta cinye shi, Turawan mulkin mallaka na Faransa suka mayar da mutane kan tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu masu gicciye da juna. Shi ya sa birnin bai da lunguna masu murɗewa irin na cikin Kano ko Birnin Damagaram. A kai yaro gefen garin ta yamma, inda ƙasa ke gangarawa zuwa lambuna, a nuna masa cewa kakannin kakanninsa a can ƙasa suka zauna.

Unguwannin da ke kewaye da fada sun hau tudun da sunayensu: Bagalam, Mokoyo, Limanci, Maraɗawa, Ɗan Gulbi, Ƴandaka. Na ƙarshen sarauta ce ta Katsina, kuma daga nan tambayar da kowane yaro mai lura zai yi take tasowa: me ya sa ake ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina, alhali Katsina na wata ƙasa?

Amsar ita ce a 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci Katsina. Gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, kuma wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi, da sarautunsa na Galadima da Ƙaura da Durɓi da Ƴandaka, ba tare da ya saki sunan Katsina ba. Dandalin da ke ƙofar fada sunansa yake ɗauke da shi. Shekaru da dama aka yi ana kai wa juna hari tsakanin Maraɗi da daular Sakkwato, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 ne suka ja layin da ya bar Katsina a hannun wannan, Maraɗi a hannun wancan.

Yaron da ya yi makaranta a Kano ko Katsina ya ji labarin ta ɓangare ɗaya. A ƙofar fadar Maraɗi zai ji shi ta ɗaya ɓangaren, kuma jin duka biyun ya fi masa amfani da jin guda.

Sauran birnin ana iya zagaya shi da kabu-kabu ko adaidaita a yini ɗaya. Babbar kasuwa ta fi cika ran Litinin da Juma'a. Cinikin gyaɗa da fatauci da Najeriya ne suka haifar da attajiran da ake kira Alhazan Maraɗi, waɗanda wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986. A kasuwar dabbobi akwai jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta daɗe da yin suna a kasuwannin Turai. Akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da filin kokawa mai sunan Kantu, ɗan Maraɗin da ya fara lashe takobin ƙasa a 1975.

Da yamma kuma a bar shi ya zauna a fada, ba ta sarki ba, ta samarin unguwa masu dafa shayi a bakin titi. Hausar da zai koya a can cikin mako guda ta fi wadda ake tilasta masa a falo cikin shekara.

Tsibiri

Labarin Tsibiri ɗan'uwan na Maraɗi ne. Alƙalawa, babban birnin Gobir na zamanin Bawa Jan Gwarzo, ta faɗi a 1808. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri, dab da Maraɗi. Masarautu biyu da suka rasa biranensu suka zama maƙwabta.

Ga ƴan mata akwai abin ji na musamman a nan. A Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta mai matsayi babba a fada, wadda a al'adance harkokin mata da na bori ke hannunta. Takwararta a Maraɗi ita ce Iya. A fuskokin tsofaffi kuma za a ga tsagar Gobirawa, wadda ba a cika yi wa yaran yanzu ba. In akwai Bazabarme a cikin tawagar, ya shirya shan tsiya, domin Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne, kuma UNESCO ta sa wannan al'ada ta barkwancin taubasantaka ta Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014.

Inda ya kamata a tsaya

Gaba da Jiratawa akwai tafkin Madarunfa, da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi. Tun 2006 Nijar ta sa wurin a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Wuri ne mai kyau, ga masunta ga tsuntsaye. Amma gundumar Madarunfa na fama da ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane a ƙauyukan bakin iyaka, kuma dajin Baban Rafi ba wurin yawon buɗe ido ba ne a yanzu. Iyalin da aka san daga waje suka zo abin hari ne. A tambayi mutanen gari kafin a tashi, a je da rana a dawo da rana, kuma a hana yaro wallafa inda yake a Instagram ko TikTok sai bayan an dawo.

Sauro ma ba abin wasa ba ne. Dogon hutu yana faɗawa ne a damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tashi. Yaron da aka haifa a Turai ba shi da garkuwar da ɗan gida ke da ita, kuma iyayen da suka shekara goma a waje su ma tasu ta ragu, ko da suna ganin sun saba. Likitocin Turai sun daɗe da lura cewa masu zuwa ganin dangi su ne suka fi komawa da cutar. A ga likita kafin tafiya a karɓi maganin riga-kafi, a sha shi har bayan an koma kamar yadda aka tsara, a kwana a gidan sauro. Ruwan sama ma na iya rushe shiri: a daminar 2024 jahar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna, har da asarar rayuka a cikin birnin.

Akwai wani cikas da ba daga waje yake ba. A gidaje da yawa namiji ne ake bari ya bi ƴan'uwansa yawo, mace kuwa a ce ta zauna ta koyi tuƙa tuwo. Yarinyar da ke hawa jirgin ƙasa ita kaɗai zuwa makaranta a can, idan aka kulle ta mako uku a tsakar gida, ba za ta nemi dawowa ba. Gwaggo ko yaya ɗaya ta isa ta raka ta gonakin zogale, inda ma mata ne ke riƙe da babban ɓangare na aikin.

Haka batun harshe. Yaron da ya tsinci Hausarsa daga iyaye da finafinan Kano zai ji ana cewa hura da lahiya da tahiya, ana cewa "mi" inda ya saba jin "me". Zai yi kuskure, kuma dariyar farko kan sa wasu su rufe baki har su koma. Kakanni sun fi kowa iya warware wannan, domin tsakaninsu da jikoki wasa ne: tsohuwa ta kira shi maigidana, tsoho ya kira ta amarya, a yi ta cacar baki ba mai jin kunya. Tun watan Maris na 2025 kuma, kundin da gwamnatin Nijar ta fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Wanda ya zo a damina zai ga gero da gulbi cike, amma ba zai ga Jiratawa a ganiyarta ba. Noman rani a lokacin sanyi yake bunƙasa, lokacin da gonakin tudu suka bushe kwarin kuma ya yi kore shar. A wannan lokacin sauro ya ragu, zafi ya sauka, an gama girbi, kuma gasar kokawa ta takobin ƙasa, wadda ke zagaya jahohi takwas na Nijar, galibi a ƙarshen Disamba ake buɗe ta. Hutun ƙarshen shekara na makarantun Turai, mai kimanin mako biyu, a daidai nan yake faɗawa.